Sarauta da Fashi: Tunanin Malaman Kirista na Farko a Ma'aunin Dajin Birnin Gwari



Gabatarwa

Tambayar da wannan lacca za ta bi diddiginta tsohuwa ce ƙwarai, amma kuma manomin ƙasar Birnin Gwari ya san ta ciki da bai, ko da bai taɓa zama a aji ba. Ga tambayar: idan mutum biyu suka zo wa talaka, kowanne da makami a bayansa, kowanne kuma yana neman wani kaso daga abin da aka noma, aka kira ɗaya hukuma, aka kira ɗaya ɗan fashi, to, mene ne ainihin abin da ya raba su? In an ce ƙarfi ne, akwai wuraren da ɗan fashi ya fi ƙarfi. In an ce karɓar haraji ce, duka biyun suna karɓa. In kuwa an ce tsari ne, ai daba ma da shugabanta da dokokinta.

Wanda ya fi kowa shahara wajen ɗora wannan tambaya a faifai shi ne wani malamin Kirista, mutumin Afirka ta Arewa, mai suna Ogastin, wanda ya rayu daga shekarar 354 zuwa 430 ta Miladiyya. Amsar da ya bayar ta yi naso cikin tunanin siyasar Turai fiye da shekara 1,500, kuma da yake tsarin mulkin da Nijeriya ta gada daga can ya fito, ya kamata ɗalibi ya san ta, Musulmi ne shi ko Kirista. Za a fara da abin da magabatan Ogastin suka faɗa a kan sarauta, sa'an nan a zo kan nasa ra'ayin, daga bisani a ɗora abin da ya auku a dajin Birnin Gwari bisa wannan ma'auni.

Kiristocin Farko da Sarautar Kaisar

Addinin Kirista ya taso ne a ƙarƙashin daular Rumawa, ya kuma yi kusan shekara 300 ba shi da sarki, ba shi da runduna. Tun da fari mabiyansa suka sami kansu tsakanin koyarwa iri biyu a cikin littattafansu. A gefe guda, Linjilar da ke hannunsu ta kawo labarin da aka tambayi Almasihu game da biyan haraji, ya raba hakkin Kaisar da hakkin Allah. Bulus kuma, cikin wasiƙarsa ga Kiristocin birnin Rum, ya koyar da cewa iko daga Allah yake, kuma an ba mai mulki takobi ne domin ya tsorata mai mugunta. A ɗaya gefen kuwa, littafin Ayyukan Manzanni ya nuna cewa in umarnin mutum ya yi karo da na Allah, na Allah ake bi, littafin Wahayin Yahaya kuma ya kwatanta daular da ke gallaza musu da wata dabba mai ban tsoro.

Yadda suka haɗa waɗannan biyu ya bayyana a wata shari'a da aka yi cikin shekarar 180 a birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yau. An gurfanar da wasu Kiristoci daga wani ƙaramin gari, aka nemi su rantse da Kaisar irin rantsuwar da ake yi da abin bauta. Mai magana da yawunsu ya amsa cewa shi bai taɓa sata ba, yana kuma biyan harajin duk abin da ya saya, amma wannan rantsuwa ba zai yi ta ba. Aka fille musu kai. Wajen shekarar 197 kuma wani malamin Kartaj mai suna Tartuliyan ya rubuta wa mahukunta cewa Kiristoci suna yi wa Kaisar addu'ar tsawon rai da zaman lafiyar daula, sai dai ba za su ɗauke shi abin bauta ba, domin shi ma mutum ne, ƙarƙashin Allah yake.

Wannan matsayi baƙon abu ne ga Rumawa, domin a al'adarsu Kaisar shi ne sarki, shi ne kuma babban limamin addinin gargajiya. Abin da Kiristocin farko suka shigar cikin tunanin daular shi ne cewa akwai wani wuri a jikin ɗan Adam da hannun sarki ba ya kaiwa.

Daga Kurkuku Zuwa Fada

A shekarar 313 Sarki Kustantin ya halatta addinin Kirista, a shekarar 380 kuma Sarki Tiyodosiyus ya mai da shi addinin daula. Waɗanda jiya ake farauta sai ga su yau a zauren fada. Nan fa malamansu suka rabu gida biyu.

Gida na farko shi ne na Yusibiyus, bishop na Kaisariya, watau babban limamin Kiristocin wannan gari. Shi ya ga nasarar Kustantin a matsayin cikar alkawarin Allah. A jawabin yabon da ya yi wa sarki ya nuna cewa kamar yadda Allah ɗaya ne a sama haka sarki ɗaya ne a ƙasa, kuma mulkin sarki hoton mulkin sama ne. Wannan shi ne irin tunanin da Bahaushe zai kira na malamin fada.

Gida na biyu shi ne na Amburos, bishop na Milan. A shekarar 390 sojojin Tiyodosiyus suka karkashe dubban mutane a birnin Tasalonika domin ramuwar wani kwamanda da 'yan gari suka kashe. Amburos ya rubuta wa sarki cewa ba za a karɓe shi wajen babbar ibada ba sai ya tuba a bainar jama'a. Sarki kuwa ya tuba. Wannan Amburos shi ne ya yi wa Ogastin baftisma, watau wankan shiga addinin Kirista, a shekarar 387.

Ogastin da Faɗuwar Birnin Rum

An haifi Ogastin a Tagaste, garin da a yau ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya. Ya koyar da balaga a Kartaj da Rum da Milan, sa'an nan ya komo gida ya zama bishop na Hippo, wadda ita ce Annaba ta yanzu a bakin Bahar Rum. Yana kan wannan kujera ne, cikin watan Agusta na shekarar 410, mayaƙan Alarik suka shiga birnin Rum suka yi kwana uku suna wasoso. Kusan shekara 800 rabon da maƙiyi na waje ya ci wannan birni. 'Yan gudun hijira suka tsallako Afirka, masu addinin gargajiya daga cikinsu suna cewa barin gumakan kakanni ne ya jawo wannan masifa. Domin amsa musu ne Ogastin ya fara wani babban littafi a shekarar 413, bai gama ba sai wajen 426. Sunansa Birnin Allah, yana kuma da kashi 22.

A kashi na huɗu ne ya kawo hujjar da ta shahara. Ya ce a duba gungun 'yan fashi da idon basira. Su ma mutane ne, suna da shugaban da suke bi, akwai alkawarin da ya ɗaure su, akwai kuma ƙa'idar da suke raba ganima a kanta. Ashe ke nan gungun 'yan fashi wata 'yar ƙaramar sarauta ce. To, in wannan gungu ya yi ta samun mabiya har ya kama ƙasa, ya kafa mazauni, ya ci garuruwa, ya mallaki jama'a, sai a wayi gari ana kiransa daula. Abin lura a nan, in ji Ogastin, shi ne haɗamar gungun ba ta ragu ba ko kaɗan. Abin da ya samu sabo guda ɗaya ne tak, watau ya kai matsayin da ba mai iya tuhumarsa. Saboda haka duk mulkin da aka zare wa adalci, fashi ne da ya yi girma.

Ya ƙarfafa wannan da wani labari da ya samo daga Sisero, masanin Rumawa. An kamo wani ɗan fashin teku aka kawo shi gaban Iskandar, sarkin Makidoniya wanda ya ci ƙasashe tun daga Girka har bakin ƙasar Hindu. Sarki ya tambaye shi abin da ya sa ya addabi teku. Ɗan fashi bai sunkuyar da kai ba. Ya nuna wa sarki cewa sana'arsu ɗaya ce, illa dai shi da ɗan ƙaramin jirgi yake yin tasa, shi ya sa ake ce masa ɓarawo, sarki kuwa da yake jiragensa ba su ƙidayuwa sai aka naɗa masa rawani. Ogastin ya ce wannan amsa ta dace, kuma gaskiya ce.

Wannan hujja tana da saiwa cikin aƙidarsa. A ganinsa, Allah ya ba ɗan Adam iko ne a kan dabbobi, bai nufe shi da mallakar ɗan'uwansa ba, shi ya sa salihan farko suka kasance makiyayan tumaki maimakon sarakunan mutane. Saɓon da Adamu ya yi ne ya gadar wa zuriyarsa karkatar zuciya, wadda mafi muninta ita ce kwaɗayin danne wasu. Daga nan ya raba 'yan Adam birni biyu, gwargwadon abin da kowa ya fi ƙauna. Masu son kansu har su raina Allah su ne birnin duniya, masu son Allah har su ƙasƙantar da kansu su ne Birnin Allah, kuma biyun a cakuɗe suke har ranar hisabi. Ya tuna wa masu karatu cewa bisa ga Attaurar da ke hannunsu Ƙabila, wanda ya kashe Habila, shi ne ya fara gina birni, kuma bisa ga tarihin Rumawa da kansu wanda ya kafa birnin Rum sai da ya kashe ɗan'uwansa. Da wannan ya rushe tunanin Yusibiyus. Babu wata daula, ko da ta Kirista ce, da za ta ce ita ce mulkin Allah a bayan ƙasa.

Ogastin da Masu Satar Mutane

Kada a zaci fashi a wurin Ogastin misali ne kawai na zaman aji. A shekarar 1981 aka buga wasu wasiƙunsa da ba a san da su ba, waɗanda wani masani mai suna Johannes Divjak ya gano a ɗakin ajiyar littattafai na Marsai a ƙasar Faransa. Ɗaya daga cikinsu ya rubuta ta ne a ƙarshen rayuwarsa zuwa ga amininsa Alifiyus, wanda ya tafi Italiya. A ciki ya bayyana yadda wasu gungu ke auka wa ƙauyukan da ke nesa da gari cikin dare, sanye da kayan soja ko na baƙin mayaƙa, suna ihu don su firgita jama'a, su kashe maza, su kwashe mata da yara su sayar wa fataken bayi da ke jira a bakin teku. Ya ce ya ji wannan daga bakin wata yarinya da aka ceto. Ya ba da labarin yadda jama'ar majami'arsa suka kuɓutar da kimanin mutum 120 daga hannun waɗannan fatake a Hippo, amma sai ga fataken, da yake suna da uwa a gindin murhu, sun koma suna neman a mayar musu da mutanen. Abin da ya roƙa shi ne a sa sarki ya zartar da dokar da take nan a rubuce.

Kuɗin fansa ma ba baƙo ba ne ga waɗannan malamai. Wajen shekarar 253 Sifriyan, bishop na Kartaj, ya tara kuɗin Rumawa har 100,000 ya aika yankin Numidiya domin fanso mutanen da mahara suka kwashe. Amburos ya narkar da kwanukan zinariya na majami'a saboda irin wannan bukata, kuma almajirin da ya rubuta tarihin Ogastin ya ce shi ma ya yi haka.

Darajar Zaman Lafiya

Mai sauraro zai iya zaton wanda ya kamanta daula da fashi zai kira mutane su yi tawaye. Ogastin bai yi haka ba, kuma a nan ne rabin tunaninsa na biyu yake. A kashi na 19 ya nuna cewa kowace halitta zaman lafiya take nema. Mai yaƙi ma yana yaƙi ne domin ya sami zaman lafiyar da ta yi masa daidai, ɗan fashi kuma dole ya zauna lafiya da abokan fashinsa da iyalin gidansa, in ba haka ba ba zai iya cutar kowa ba. Zaman lafiyar duniya, watau mutum ya yi noma ya girbe, ya je kasuwa ya komo, ni'ima ce ta gaskiya ko da mulkin da ya samar da ita gurgu ne, kuma masu imani suna amfana da ita kamar kowa. Bahaushe ya taƙaita wannan da ya ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Wasiƙunsa ga mahukunta sun nuna yadda ya so a yi aiki da wannan. Ya rubuta wa kwamanda Bonifas cewa yaƙi larura ce, manufarsa zaman lafiya, kuma alkawari ko ga maƙiyi aka yi shi wajibi ne a cika. Ya yaba wa wani jakada mai suna Dariyus saboda ya kashe wutar yaƙi da baki maimakon takobi. Sa'ad da aka kama wasu 'yan tawaye da suka kashe wani limamin majami'arsa, ya roƙi alƙali Marselinus kada a kashe su, a hana su cutar mutane dai. Amma da gwamna Masedoniyus ya tambaye shi dalilin da ya sa malamai ke roƙar wa masu laifi afuwa, sai ya gindaya sharaɗi mai ƙarfi. Ya ce wanda ya ci dukiyar wani, yana da halin mayarwa ya ƙi, wannan tubarsa ta baka ce, ba a yafe masa.

Akwai kuma tabon da tilas a ambata. Wani ɓangare na Kiristocin Afirka, da ake kira Donatawa, ya ware daga sauran. Da fari Ogastin yana ganin ba a tilasta wa mutum aƙida, amma zuwa shekarar 408 ya sake ra'ayi, ya goyi bayan hukuma ta matsa musu da tara da ƙwace majami'u. Masu gallaza wa mutane saboda addini a Turai sun yi ɗaruruwan shekaru suna jingina da wannan fatawa.

Yadda Tunanin Ya Yaɗu

A shekarar 494 Paparoma Gelasiyus ya rubuta wa sarkin Rumawan gabas cewa iko iri biyu ne ke tafiyar da duniya, na malamai da na sarakuna, kuma daga wannan ne doguwar jayayyar Turai a kan iyakar addini da gwamnati ta samo tushe. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya kafa hujja da misalin gungun 'yan fashi wajen nuna cewa sarkin da ya karɓi abin da ba hakkinsa ba da ƙarfi, fashi ya yi. A 1963 Martin Luther King, yana tsare a kurkukun Birmingham ta Amurka, ya jingina da Ogastin wajen cewa dokar zalunci ba doka ba ce. A 2011 Paparoma Benedict na 16 ya tuna wa majalisar dokokin Jamus wannan misali dangane da mulkin Nazi. Masanan zamani waɗanda ba ruwansu da tauhidi su ma sun komo kansa. Charles Tilly a 1985 ya kamanta kafuwar daulolin Turai da sana'ar masu karɓar kuɗin kariya, Mancur Olson kuma a 1993 ya ce gwamnati ta faro ne ranar da ɗan fashi mai yawo ya gane ya fi masa riba ya zauna wuri ɗaya ya riƙa karɓar kaso.

Malaman ƙasar Hausa sun iso ga irin wannan ma'auni ta tasu hanyar. Shehu Magili, wanda shi ma mutumin Aljeriya ne, ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa wajiban sarakuna a ƙarshen ƙarni na 15. Littafin Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa da kamuwa cikin alamomin mulkin zalunci.

Dajin Birnin Gwari

Ƙasar Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja. Ƙasa ce ta noma da kiwo, akwai kuma zinariya a cikinta. A 1936 En'e ta keɓe wani babban yanki na dajinta, wanda a 1999 ya zama Gandun Dajin Kamuku na ƙasa, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,000, yana kuma haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara.

Mutanen wannan yanki sun daɗe da ganin mai takobi yana zama mai rawani. Umaru Nagwamatse ya yi shekaru yana kai hari ƙasashen Gwari da Kamuku da Kambari kafin ya kafa Kontagora a 1864, ɗansa Ibrahim kuma ya ci gaba har Turawa suka ci garin a 1901. Su Turawan ma, da Lugga ya yi jawabi a Sakkwato cikin watan Maris na 1903, hujjar da ya kafa ita ce da yaƙi Fulani suka sami ƙasa, da yaƙi kuma Ingila ta karɓe ta. Ɗan fashin da ya tsaya gaban Iskandar da ya ji wannan jawabi da ya gane yarensa.

A farkon shekarun 2010 satar shanu ta ƙazanta a wannan daji, ta rikiɗe ta zama tare hanya da garkuwa da mutane, har hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama abin tsoro. A watan Mayu na 2018 aka auka wa ƙauyen Gwaska aka kashe fiye da mutum 40. Daga nan sai matakan da Ogastin ya lissafa suka riƙa bayyana ɗaya bayan ɗaya. Kowace daba da kachallanta da yankinta. Aka kai ga aza wa ƙauyuka kuɗin da za su biya kafin su shiga gona, da wanda za su biya kafin su girbe. Ƙungiyar Ansaru, wadda ta bayyana kanta a 2012, ta shiga gabashin ƙasar tana wa'azi, tana nuna ita za ta kare talaka daga 'yan bindiga, har rahotanni suka nuna a 2022 ta hana harkokin siyasa a wasu garuruwa. Wannan kuwa da'awar sarauta ce, kuma irin ta Yusibiyus, wadda ke ɗora sunan Allah a kan mai riƙe da makami. Hukuma ta gwada ƙarfi: a 2021 ta katse layukan waya ta rufe kasuwanni, a watan Janairu na 2022 kuma Gwamnatin Tarayya ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi wasu da suka ce sun tuba, aka kuma buɗe kasuwar kara wadda ta yi kimanin shekara 10 a rufe.

Sulhu a Kan Ma'auni

Me tunanin Ogastin zai ce game da wannan sulhu? Da farko dai ba zai raina shi ba. Wanda ya yaba wa jakadan da ya kashe yaƙi da baki ba zai zargi gwamnan da ya zauna da maƙiyi ba, kuma buɗe kasuwa da komawar manomi gona su ne ainihin ni'imar da ya ce kada a wulaƙanta. Mai cewa a ci gaba da yaƙi har sai an ga bayan kowa, yawanci ba shi ne ke kwana a bakin daji ba.

Amma tambaya ta biyu tana nan tsaye: me tubabben ya mayar? Sharaɗin da Ogastin ya gindaya wa Masedoniyus ya yi daidai da abin da kowane almajirin zaure ya karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid, cewa ɗan fashin da ya zo da tuba kafin a kama shi, hakkin Allah ya faɗi daga kansa, amma hakkin mutane na jini da na dukiya yana nan. Matar da aka kashe wa miji, da wanda ya sayar da gonar gado ya fanso ɗansa, su ne masu wannan hakki, gwamna kuma ba shi da ikon yafe abin da ba nasa ba. An yi sulhu a Zamfara da Katsina a 2016 da kuma 2019, duk suka warware, domin makamai da yawa sun ci gaba da zama a daji. Nan ne haɗarin da Ogastin ya hango yake. Idan kachalla ya riƙe bindigarsa da yankinsa da ganimarsa, abin da ya ƙaru da shi kawai shi ne an daina tuhumarsa, to, an ba shi abu ɗaya tilo da ke mai da gungun fashi sarauta.

Tambaya ta uku hukuma ta shafa, domin ma'aunin bai ware ta ba. Makiyaya sun daɗe suna kukan an cinye burtali, an sace musu shanu ba wanda ya bi sawu, ana tatsarsu a ofishin 'yan sanda da kotu, 'yan sa-kai kuma suna kashe su ba shari'a. Wannan ba ya wanke wanda ya ɗauki bindiga, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A watan Disamba na 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam a taron Mauludi a Tudun Biri cikin ƙaramar hukumar Igabi, aka rasa aƙalla mutum 85. Rundunar soja ta amsa cewa kuskurenta ne. Wannan amsa laifi abu ne da daba ba ta yi, kuma a nan ne ake fara ganin bambancin. Hukuma tana zama hukuma gwargwadon yadda talaka zai iya tsayar da ita ya ce don me, a kuma biya shi hakkinsa.

Kammalawa

Malaman Kirista na farko sun bar wa tunanin siyasa gado biyu waɗanda ba su rabuwa. Sun sauke sarki daga matsayin abin bauta suka ɗora shi a kan ma'aunin adalci, sun kuma hana a raina zaman lafiya ko da ragagge ne. Ogastin ya rasu a watan Agusta na shekarar 430, mayaƙan Bandal suna kewaye da Hippo, daular da ya yi wa nasiha kuma tana zubewa a Afirka. Sulhun Birnin Gwari za a gane ingancinsa ne da abubuwan da ake iya ƙidayawa: bindigogin da aka miƙa, garuruwan da aka daina aza wa kuɗin noma, marayun da aka biya diyya, da makiyayin da ya kai ƙara kotu aka bi masa hakkinsa ba tare da ya sayar da saniya ba. Aikin jami'a ne da masarauta da malaman addinan biyu su riƙa bin wannan ƙidaya shekara bayan shekara, su kuma faɗi abin da suka samu a gaban kowa.

Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya ji ƙan waɗanda aka rasa.